Jagora Ga Mai Koyon Keke: Yadda Ake Ɗinka Shimfiɗar Faranti

Duk wanda ya daɗe yana koyar da ɗinki ya san inda sabon hannu yake ɗora laifi idan aiki ya ɓaci. Ɗinki ya karkace, a ce haƙoran keke sun cinye. Yadi ya tattare, a ce zaren ne ba shi da kyau. Gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, a ce a nemo mai gyara. Wani lokaci da gaskiyarsu, amma galibi keken bai san hawa ba bai san sauka ba. Aikin ya riga ya lalace tun kafin allura ta taɓa shi, a wurin wanki da guga da yanka, shi kuwa keke abin da aka miƙa masa kawai ya haɗa. Wannan jagora za ta nuna haka a kan ƙaramin aikin da ba ya ɓoye laifin kowa, wato shimfiɗar faranti, ɗan ƙyallen nan mai kusurwa huɗu da ake ajiye wa kowane mai cin abinci a gabansa, a ɗora faranti da cokali da kofi don kada zafi ko miya su taɓa tebur.

Riga tana rufa wa tela asiri. Jikin mutum ba a miƙe yake ba, yana motsi, ga tattara ga faɗi, saboda haka kuskuren rabin inci yakan ɓace ba wanda ya lura. Shimfiɗar faranti kuwa kwance take a kan tebur, bakin teburin a miƙe yake, kuma ba ita kaɗai ake ajiyewa ba, huɗu ne ko shida a jere. In ɗaya ta gaza da kwatan inci, ta kusa da ita za ta tona mata asiri. Abin da ya sa ta dace da mai koyo ke nan. A cikinta akwai awo, da yanka a kan zaren yadi, da miƙaƙƙen ɗinki, da juya kusurwa, da kife aiki, da ɗinkin sama, kuma waɗannan su ne za su bi ka zuwa aljihu da wuyan riga da hannun kaftani.

Wani zai ce ai wannan al'adar Turawa ce, masu cin abinci a tebur kowa da farantinsa, mu kuwa tabarma ko leda muke shimfiɗawa a haɗa hannu a tire ɗaya. Haka ne, daga can ta zo, kuma gida da yawa ba su da buƙatarta. Sai dai ba a nan gizo yake saƙar ba. Mai koyo yana neman aikin da in ya ɓaci ba za a kai shi gaban mai unguwa ba, kuma ɓata guntun atamfa bai yi kama da ɓata shaddar mutane ana gobe Sallah ba. Ban da haka, abin yana da masu saye: gidajen sayar da abinci, otal-otal, da iyayen amare a birane da suke haɗa teburin cin abinci cikin kayan ɗaki. Ko a gidan da ba tebur, tana zama a cikin tiren shayi ko ƙarƙashin kular abinci, aikin da faifai ya daɗe yana yi.

Kayan aiki

Za ka buƙaci keke mai miƙaƙƙen ɗinki, ko da baƙin keken nan na ƙafa ne irin su Butterfly da Singer, domin babu zigzag a wannan aiki. Sai allura mai lamba 14, da mai lamba 16 a ajiye saboda inda yadi ya yi kauri. Sai zare mai ƙwari wanda launinsa ya shiga da yadin, iri ɗaya a sama da cikin kwarkwaro. Sai tef na awo, da doguwar rula ko miƙaƙƙen katako, da allin tela, da fil, da reza ta warware ɗinki, da kwali mai kauri, da fensir marar tsini. Sai almakashi mai kaifi wanda ba a yanka komai da shi sai yadi. A samo wa kwali nasa daban, domin takarda tana dakusar da almakashi, dakusasshen almakashi kuwa tauna yadi yake yi yana tura shi gaba. Na ƙarshe shi ne dutsen guga, na wuta ko na gawayi, kuma a ajiye shi kusa da keke, don a wannan aiki za a ɗauke shi fiye da sau biyar. Yadi kashi uku ne: na fuska, na baya, da abin da za a sa a tsakani.

Mataki na 1: Zaɓen yadi

Auduga ake so, kuma dalilin ba ado ba ne. Shimfiɗar faranti za ta sha zafin kwano, ta sha manja da miyar kuka, ta sha wanki akai-akai, auduga ce take jure wa ukun. Atamfa ta auduga tana da kyau ƙwarai, musamman mai duhun launi da yawan zane, domin ɗigon miya ba ya fita a kanta kamar yadda yake fita a farin yadi. Amma ba duk abin da aka kira atamfa ne auduga ba, kasuwa cike take da mai roba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a zare ɗan zare daga gefe, a riƙe da almakashi a kan kwanon ruwa, a kanga masa ashana. Auduga tana ci da wuta da warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi da za ta murje a yatsa. Mai roba narkewa yake yi ya dunƙule ya zama ɗan ƙwallo mai tauri. Abin da ya yi a bakin ashana shi zai yi a ƙarƙashin dutsen guga. A bar leshi da yadi mai santsi da mai talewa, domin suna zamewa a ƙarƙashin ƙafar keke. Shadda kuwa ƙyallinta yana raguwa da wanki, ba ta dace da abin da za a jiƙa kowane mako ba.

Na baya ya kasance kusan nauyi ɗaya da na fuska. A tsakani kuwa akwai zaɓi biyu: yadin nan mai gam a gefe ɗaya da teloli suke mannawa a wuyan riga don ya tsaya, ko wani laushin yadin auduga, ko da tsohon zanin gado ne mai tsabta. Na farko yana ba da tsayuwa, na biyu yana tare zafi. Soso kam a'a. Yana riƙe ruwa ya daɗe bai bushe ba har ya yi wari, kuma zafi yana cinye shi.

Ga lissafin saye. Shimfiɗar da aka saba yi inci 12 ce a faɗi, 18 a tsawo, domin babban faranti yakan kai inci 10 zuwa 11, ragowar tsawon kuma na cokali da kofi ne. Za a bar rarar rabin inci a kowane gefe don ɗinki, ke nan kowane falle za a yanka shi 13 da 19. Atamfa takan kai inci 45 ko ɗan fiye a faɗi, yadi ɗaya kuwa inci 36 ne, saboda haka falle huɗu ne za su fita daga yadi ɗaya. Yadi ɗaya da kwata zai ba da shida har da ɗan saura. Wanda yake da tela a kusa, ko yake shiga kasuwar yadi irin Kantin Kwari ta Kano, zai iya samun guntaye da suka kai wannan girma ba tare da an farke masa turmi ba.

Mataki na 2: Wanki da guga kafin a yanka

Nan ne masu koyo suka fi tsallakewa, kuma nan ne mafi yawan ɓarna take farawa. Ana saƙa yadi ne zarensa a ɗaure tamau, a kuma zuba masa sitaci a masana'anta. Ranar da ya fara shiga ruwa zaren zai saki ya koma yadda yake so, yadin ya tsuke. A auduga tsukewar takan kai inci ɗaya cikin ashirin, wato a tsawon inci 18 za a iya rasa kusan inci guda. Da a ce duk fallayen uku tare suke tsukewa daidai, da da sauƙi, shimfiɗar ce kawai za ta ɗan ƙanƙance. Amma sabuwar atamfa da tsohon zanin gado da ya sha wanki shekara da shekaru ba za su tsuke daidai ba. Ɗaya zai ja, ɗaya ya tsaya, ɗinkin gefe ya riƙe su tare, sai shimfiɗar ta kumbura a tsakiya, bakinta ya nannaɗe, kuma babu gugar da za ta mayar da ita. Dalili na biyu shi ne zubar launi. Jan launi da shuɗi mai duhu, balle yadin rinin baba irin na marinar Ƙofar Mata, sukan saki launi a wankin farko, in kuwa an riga an haɗa su da farin baya, an gama.

Masu sayarwa sukan ce wanki yana kashe wa sabon yadi kwarjini, mai saye kuwa ƙyalli yake kallo. Akwai gaskiya a ciki, domin yadin da aka wanke ba ya sheƙi kamar na cikin leda. Amma sheƙin nan ba zai wuce wankin farko ba ko ta yaya, abin tambaya kawai shi ne a hannun wa zai tafi. In ya tafi a hannunka, ɗan sitaci da guga mai kyau za su dawo da mafi yawan tsayuwar. In ya tafi a hannun wadda ta saya, tare da siffar shimfiɗar zai tafi, kuma ba za ta sake aiko maka da aiki ba.

Kafin wanki a cire takardar kamfani da take manne a jikin atamfa. Kada a ɓamɓare ta da ƙarfi, gam zai zauna ya riƙa kama datti. A kife yadin, a ɗora dutsen guga mai ɗumi a bayan takardar na ɗan lokaci, sai ta ɗago gaba ɗaya. A kuma sa alamar alli a gefen da take, domin nan ne fuska, atamfa mai kyau kuwa ciki da bai ɗinta sukan yi kama har su ruɗa ido. A wanke kowane launi daban, a shanya a inuwa, a goge tun da sauran danshi. Wurin guga a bi tsawon yadin, a riƙa danna dutsen ana ɗagawa maimakon a ja shi a karkace, domin jan yana tale yadi ya fita daga saitinsa. Mai amfani da dutsen gawayi ya kakkaɓe toka a nesa da aiki, ya goge gindin dutsen da tsumma, ya gwada zafinsa a kan guntu, domin tartsatsi ɗaya ya isa ya huda fallen da aka gama wahala a kansa.

Mataki na 3: Yin ma'aunin kwali

Kada a auna kowane falle da tef daban. Falle goma sha biyu ne a saitin shida, ban da na tsakiya, kuma kowane awo da ɗan kuskurensa. A yanka kwali ɗaya 13 da 19, a tabbatar da shi, a zana duk sauran da shi. Tabbatarwar kuwa ba tsawo da faɗi kaɗai ba ne, domin abu yana iya cika 13 da 19 amma ya jirkice gefe. Dabarar ita ce wadda magina suke yi kafin su haƙa tushen ɗaki: a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da take fuskantarta a gicciye, sannan a auna ɗaya giccin. In sun zo daidai, kusurwoyin sun tsaya. A wannan girma kowane gicci zai ba da inci 23 har da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma tsohon tela yakan yanka aljihu da ido ya fito daidai. Idon nan kuwa shekaru ne na awo suka gina shi, mai koyo bai tara su ba tukuna.

Mataki na 4: Yanka a kan zaren yadi

Yadi zare biyu ne, na tsaye da yake bin tsawon turmi, da na kwance da yake ratsa shi. Kama yadin da hannu biyu ka ja a tsaye, da ƙyar zai motsa. Ja a kwance, zai ɗan ba da kai. Ja daga kusurwa zuwa kusurwa, za ka ga ya tale sosai. Wannan gwaji na minti ɗaya ya isa ya bayyana dalilin da ya sa fallen da aka yanka a karkace ba ya taɓa kwanciya: gefensa yana talewa a ƙarƙashin ƙafar keke, sai baki ya fito da lanƙwasa-lanƙwasa. Saboda haka a daidaita bakin kwalin da bakin yadi na masana'anta, amma kada a sa shi bakin a cikin fallen, domin saƙarsa ta fi ta jiki tsauri kuma yakan tsuke daban. In guntu ne da ba shi da baki, a zare zare ɗaya daga gefe zuwa gefe, hanyar da ya bari ita ce miƙaƙƙen layi.

Akwai wata matsala ta atamfa da ya kamata a sani. Wani lokaci zanen ba a buga shi daidai kan zaren ba, sai layin fure ya ɗan gangara. In ka bi zare, zane ya karkace a ido. In ka bi zane, yadi ya karkace a keke. In gangarawar kaɗan ce, a bi zane a manna yadin gam a baya ya riƙe shi. In da yawa ce, a bar wannan yadi a yi baya da shi. Mafi sauƙi ga mai farawa shi ne ya zaɓi zane ƙanana a warwatse, ya bar mai manyan layuka sai hannu ya faɗa.

A zana a bayan yadi da alli mai siririn baki, a shimfiɗe a kan tebur ko daɓe mai laushi, ba a kan cinya ko katifa ba. Ƙasan almakashi ya riƙa bin tebur, a buɗe shi sosai a yi dogon yanka. Kada a ɗaga yadin sama ana yanka. Kada kuma a tara falle shida a yanka lokaci ɗaya don sauri, na ƙasa zai zame ya fito da wani girma. Falle biyu sun isa. Yadin gam ko na tsakiya mai kauri a yanka shi 12 da 18, ba tare da rara ba, don kada ya cika gefen da kauri.

Mataki na 5: Jerawa da kafa fil

In yadin gam ne, a ɗora gefensa mai kaushi a bayan fallen fuska, rabin inci ya rage ta ko'ina, a rufe da ɗan ƙyalle mai danshi a danna dutsen guga wuri-wuri. In aka kife shi, gam ɗin a jikin ƙyallen zai manne. In laushin yadi ne, a kafa shi a bayan fallen fuska da layin ɗinki biyu ko uku a tsaye. Daga nan a ajiye fallen baya fuskarsa sama, a kifa fallen fuska a kansa, fuska da fuska. Wannan shi ne abin da ake mantawa, a gama ɗinki a juya a ga bayan yadi a waje. A kafa fil a kusurwoyi huɗu tukuna, sannan tsakiyar kowane gefe, sannan tsakanin waɗannan. A ɗaya daga cikin dogayen gefuna a sa alamar alli biyu, inci 4 tsakaninsu, can tsakiya nesa da kusurwa. Nan ce ƙofar da za a kife aikin ta ciki.

Za a ce manyan teloli ba sa kafa fil. Gaskiya ne, amma a dubi hannunsu da kyau. Haƙoran keke fallen ƙasa suke ja, ƙafar keke kuma tana danne na sama tana ɗan tura shi baya, shi ya sa a dogon ɗinki na sama yakan zarce na ƙasa a ƙarshe. Gwani yana gyara wannan da yatsunsa ba tare da ya yi tunani ba. Fil yana yi wa mai koyo aikin da yatsunsa ba su iya ba tukuna. Sai dai kada a riƙe fil a baki, ana haɗiye shi, kuma a cire kowanne kafin ya iso allura, domin allurar da ta buga fil takan karye gutsurenta ya yi tsalle zuwa fuska.

Mataki na 6: Ɗinkin zagaye

Kafin a taɓa aikin a gwada keken a kan guntu mai kauri iri ɗaya. A sa allura ta yadda dogon kwarin da yake jikinta zai kalli gefen da zare yake shigowa. A zura zaren sama ƙafar keke tana ɗage, domin a lokacin ne faranta biyu masu matse zare suke buɗe. In aka zura ƙafar tana ƙasa, zaren ba ya shiga tsakaninsu, sai a ga cunkoson zare a ƙasan yadi a yi ta zargin kwarkwaro, alhali laifin na sama ne. Tsawon taku ya zama kamar 10 zuwa 12 a inci ɗaya. Sannan a auna rabin inci daga allura zuwa dama a manna filasta a kan farantin keke. Idonka ya tsaya a kan bakin yadi da filastar nan, ba a kan allura ba. Allura ba ta zuwa ko'ina, mai kallonta shi yake yin ɗinkin maciji.

A fara daga alamar alli ɗaya, a ƙulle da taku biyu ko uku na baya. In keken ba shi da na baya, a bar allura a ciki a juya yadin a maimaita. Hannu yana shiryar da yadi ne kawai, ba ya ja ba ya turawa, kuma yatsu su yi nesa da allura. Mai keken ƙafa ya fara juya tayar da take gefen kan keke da hannu zuwa wajensa kafin ya taka, domin in ta koma baya zare zai tsinke. Idan an zo rabin inci kafin ƙarshen gefe, a tsaya allura tana cikin yadi, a ɗaga ƙafar keke, a juya aikin, a sauke, a ci gaba. Taku biyu na ƙarshe kafin kusurwa gara a yi su da hannu. In aka juya allura tana sama, zare zai yi sako-sako a daidai wurin da ake buƙatar ƙarfinsa. A zagaya har alama ta biyu, a ƙulle.

Mataki na 7: Datse kusurwa, kifewa, da guga

Kusurwar da ta dunƙule ita ce tambarin sabon hannu, kuma dalilinta lissafi ne: idan aka kife aiki, duk rarar gefe biyu za ta cusa kanta a ɗan lungun da bai isa ya ɗauke ta ba. A datse kowace kusurwa a karkace, a bar kamar kaurin tsinken ashana tsakanin yankan da ɗinki. In an matsa fiye da haka zare zai ɓalle, in an bar da yawa ƙullin yana nan. Kada a rage rarar da take bakin ƙofa, ana buƙatarta. A zura hannu a kamo kusurwa mafi nisa a jawo ta a hankali, sauran su biyo. A turo kusurwoyi da fensir marar tsini daga ciki. Bakin almakashi yana da jan hankali a nan, kuma shi ne yake ɓullowa ta waje ya bar rami.

Yanzu a murza gefen tsakanin yatsu har layin ɗinki ya fito daidai a baki, ba ya leƙowa ta fuska ba ya ɓuya ta baya, a bi shi da dutsen guga. A kalmashe bakin ƙofa ciki rabin inci, a ɗora rula a tabbatar ya yi layi ɗaya da sauran gefen, a goge, a kafa fil. Wanda ya tsallake wannan guga ya wuce ɗinkin sama kai tsaye, duk tattarar da take wurin zai ɗinke ta ta zauna har abada.

Mataki na 8: Ɗinkin sama

Wannan ɗinki yana rufe ƙofa, yana danne gefe, kuma shi ne ido yake fara gani. A yi shi kwatan inci daga baki ko ƙasa da haka. Dole ya gaza rabin incin da aka kalmashe, in ba haka ba zai wuce ta bayan rarar, ƙofa ta zauna a buɗe. A ɗan tsawaita taku zuwa kamar 8 a inci, a sa allura mai lamba 16 in gefen ya yi kauri. A fara daga tsakiyar gefe, ba daga kusurwa ba, domin a kusurwa ƙafar keke takan ɗaga gaba ta tsaya wuri ɗaya tana tara zare. In hakan ya faru wurin juyawa, a ninka ɗan guntun yadi a sa a bayan ƙafar ta daidaita. Wanda bai amince da hannunsa ba ya sa zaren da ya saje da yadi. Farin zare a kan baƙin yadi ado ne, amma kowace gargada tana fitowa fili.

Ko da za a yi shida, a kammala ɗaya tukuna daga farko har ƙarshe, domin kuskuren da aka gano a ta farko sau ɗaya za a warware shi. Bayan ta yi kyau sai a yi sauran mataki-mataki tare, a ɗinke duka, a kife duka, a goge duka, hannu ya fi daidaita haka. Haɗa guntaye kala-kala a fuska ɗaya yana da kyau kuma yana rage asara, amma a bar shi sai saiti na biyu, kuma kowane guntu ya bi ta wanki da yanka a kan zare kamar yadda aka faɗa. A kuma gaya wa mai saye cewa shimfiɗar faranti ba matattarar tukunya ba ce, wadda aka sauke daga wuta yanzu za ta ƙona auduga ta kuma bar tabo a tebur.

Gwajin ƙarshe biyu ne. A jera shidan ɗaya kan ɗaya a duba ko bakinsu ya haɗu ta gefe huɗu. Sannan a ɗauki ɗaya a wanke ta da sabulu kamar yadda uwargida za ta yi, a shanya, a ajiye a tebur ba tare da guga ba. In ta kwanta, aikin ya yi. In ta kumbura ko ta nannaɗe, kada ka kira mai gyaran keke, koma mataki na biyu da na huɗu ka duba wanda ka yi wa gaggawa, kuma kada ka karɓi kuɗin kowa sai ta ci wannan gwaji.